Taron Tuna Baya a Gidan Tsofaffi

Jama'a, karatunmu na yau a kan tsofaffi ne, amma ba na garinmu ba tukuna. Za mu fara da na ƙasar Ingila da na Amurka. A karanta a hankali, layi layi. In an gamu da sunan Bature mai wuyar faɗi, kada a tsaya kokawa da shi. Malamin aji zai faɗa, a wuce gaba.

A waɗannan ƙasashe akwai gidajen da a ke kira gidan kula da tsofaffi. Ba asibiti ba ne, ko da ya ke a waɗansunsu akwai masu jiyya dare da rana. Mutum ne ya tsufa ƙwarai, ƙafa ta ƙi, ko ido ya tafi, ko gigin tsufa ya kama shi, har ba ya iya dafa abinci ko yin wanka shi kaɗai. 'Ya'yansa kuwa, in yana da su, wannan yana aiki a gari mai nisa, waccan tana aure a wata ƙasa. Sai a kai shi wannan gida, a ba shi ɗaki da gado, a riƙa ciyad da shi, a yi masa wanki, a ba shi magani a kan kari. Biya a ke yi. Mai hali ya biya da kansa, marar hali hukumar garinsu ta taimaka masa.

Mun sha jin mutane suna cewa wai Turawa duk zubad da tsofaffinsu su ke yi. Maganar ta yi yawa. A ƙidayar 2021 an sami mutum kusan 279,000, masu shekara 65 zuwa sama, suna zaune a irin gidajen nan a Ingila da Wales. Da yawa ne, amma in an gwada da dukan tsofaffin ƙasar, mutum ɗaya ne cikin 40. Yawancin sauran suna gidajensu ko wajen danginsu.

To, ga abinci, ga gado mai laushi, ga magani. Me ya rage? Abin da ya rage shi ne wanda ya san ka.

Ku dubi tsohon da ke zama a gindin bishiya ƙofar gidan mai unguwa. Ko bai buɗe baki ba kowa ya san shi. An san shi ya haƙa rijiyar bayan masallaci. An san gonarsa, an san matarsa da ta rasu, an san shekarar da ya tafi cin rani ya daɗe bai komo ba. Amma wadda aka kai gidan tsofaffi ta baro duk wannan a baya. A ce ta yi shekara 40 tana ɗinki, ta ɗinka rigunan amare ba iyaka. Masu aikin gidan sa'o'in jikokinta ne, waɗansu ma daga wata ƙasa suka zo. Iyakar abin da suka sani, tsohuwa ce ta ɗaki na 12, ba ta ji sosai, ƙwaya biyu a ke ba ta da safe. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya gaya musu sauran ne. Sai ka tarad da tsofaffi goma sha biyar an jera musu kujeru a jikin bango, talabijin tana ta surutu, su kuwa shiru, kowa baƙo ne ga na kusa da shi. Jiya da yau da gobe duk ɗaya.

Likitan da ya ce a saurara

A da, masu aikin gidajen nan ba su son tsoho ya riƙa maganar zamanin da ya wuce. An ɗauka alama ce hankali ya fara gushewa. Da ya soma cewa, "Sa'ad da ina yaro," sai a katse shi, a ce masa yau Talata ce, ga abinci ya zo.

Wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, sunansa Robert Butler, bai yarda da haka ba. Shi kansa kakanninsa suka rene shi, a wata gonar kiwon kaji a jihar New Jersey, sabo da haka ya saba da tsofaffi tun yana ƙarami. A 1963 ya rubuta wa 'yan'uwansa likitoci bayani, ya ce tuna baya ba ciwo ba ne. Mutum in ya ga tafiya ta yi nisa, dole ya waiwaya. Lissafi ya ke yi, kamar yadda falke ke zama da dare ya duba ribarsa da hasararsa. Ya kan tuna wanda ya ɓata wa, da wanda ya ɓata masa, da abin da ya so yi bai samu ba. Wani ta nan ya ke samun natsuwa, ya nemi gafara, ya shirya da ɗan'uwan da suka yi shekaru ba su ga maciji. Wani kuwa lissafin ya kan yi masa nauyi har ya faɗa baƙin ciki. Butler bai ɓoye wannan ba. Ya rasu a 2010, amma kafin nan maganarsa ta riga ta bazu.

A Ingila, a 1981, wata ƙungiyar taimakon tsofaffi mai suna Help the Aged ta fitad da tsofaffin hotuna tare da kaset na waƙoƙi da muryoyin zamanin da, don a riƙa nunawa a gidajen tsofaffi da asibitoci. A 1983 wata mata, Pam Schweitzer, ta kafa ƙungiyar Age Exchange a Landan. Dabararta ta burge mu. 'Yan wasan kwaikwayo su kan je wajen tsofaffi su ji labarinsu, su shirya wasa da shi, sa'an nan su komo su yi wasan a gaban masu labarin. Tsoho yana zaune sai ya ga wani saurayi yana yin abin da shi ya yi shekara 60 da suka wuce. In an yi kuskure kuwa nan take zai ɗaga murya ya gyara.

Yadda a ke zaman

Ba a tara mutane da yawa. Shida zuwa takwas sun isa, da ma'aikata biyu. Sau ɗaya a mako, a rana ɗaya, a ɗaki ɗaya, kamar awa guda. A kewaya kujeru yadda kowa zai ga bakin kowa, sabo da masu nauyin kunne. A kashe talabijin, a kawo shayi. Kowane mako da kan maganarsa: yau gidan da aka haife ka, mako mai zuwa makaranta, daga nan wasannin ƙuruciya, ko aikin farko da albashin farko, ko ranar aure.

Amma ba da tambaya a ke farawa ba. Ku lura da wannan sosai, don shi ne gindin aikin. In ka ce wa tsoho mai mantuwa, "A wace shekara ka yi aure?" ai jarrabawa ka yi masa. Zai lalubo bai samu ba, kunya ta kama shi, ya ja bakinsa ya yi shiru har a tashi. Sabo da haka da kaya a ke farawa. A kan zo da akwati cike da tarkacen da: allon wanki, da jan sabulu mai ƙarfin wari irin na da, da tsohon kuɗi, da allon makaranta, da hotuna.

A ce mai jagorar zaman ta ɗauko dutsen guga, irin wanda a ke ɗorawa a kan wuta, ta miƙa wa tsohuwar nan mai ɗinki. Ba ta ce mata kome ba. Tsohuwa ta karɓa, ta jinjina nauyinsa, ta lashi yatsa ta taɓa gindinsa, yadda a ke gwada zafi. Hannu ya riga baki tunawa. Can sai ta ce, "Biyu uwata ke da su, ɗaya na kan wuta, ɗaya na hannu." Na kusa da ita, wanda watanni ba su taɓa ko gaisawa ba, ya ce su ma ran Litinin a ke wanki a gidansu, ran Talata guga. Ta ukun ta ce ai ita ta taɓa ƙone rigar ubanta ta zuwa coci, ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Sai dariya. Shi ke nan, hira ta kama. Mai jagora kuwa aikinta kaɗan ne: ta ce, "Sai me ya faru?" ta kuma lura kada mai yawan magana ya danne mai sanyin baki.

Me ya sa abin da ya daɗe ya fi na jiya zama a ka? Masana sun gwada mutane da yawa, sun ga in aka ce wa tsoho ya faɗi abubuwan da ya fi tunawa, yawancinsu daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa su ke fitowa. Lokacin ne mutum ke yin kome karo na farko: barin gida, neman aure, haihuwar fari. Gigin tsufa kuma daga sama ya ke fara ci, kamar yadda ruwa ke fara zaizaye yaɓen bana ya bar tsohon gini. Tun 1881 wani masani Bafaranshe, Ribot, ya bayyana cewa sabon tuni ke fara lalacewa kafin tsoho. Don haka wadda ba ta san abin da ta ci da safe ba, tana iya rera waƙar da ta koya tana shekara tara, ba tuntuɓe. Kuma fiye da rabin mazauna gidajen nan na Ingila suna fama da wannan mantuwa.

Akwai labaran da kusan kowa a ɗakin ya ke da rabo a ciki. A farkon watan Satumba 1939, da Yaƙin Duniya na Biyu zai ɓarke, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, gwamnatin Ingila ta kwashe mutum kusan miliyan ɗaya da rabi daga manyan birane zuwa ƙauyuka cikin 'yan kwanaki, don tsoron bam. Yawancinsu yara ne. An ɗaura wa kowane yaro takarda mai sunansa a jikin riga, an rataya masa kwali mai abin rufe fuska don hayaƙi mai guba, an sa shi a jirgin ƙasa, ya sauka a gidan mutanen da bai taɓa gani ba. Wanda aka haifa a 1932 shekararsa bakwai a lokacin. Sa'an nan ga rabon abinci da kati, wanda aka fara a 1940, ba a daina ba sai 1954. Ga naɗin Sarauniya Elizabeth a watan Yuni 1953, ranar da unguwa guda ta kan cunkushe a ɗakin mai talabijin ɗaya. In aka ajiye katin rabon abinci a tsakiyar tebur, ba a bukatar wata tambaya.

Tsohon kuɗi ma haka. A nan mun yi tarayya da su. Kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. Su sun bar wannan lissafi a 1971, mu muka koma naira da kwabo a 1973. Ku gwada miƙa wa kakanku sisi ko taro, in akwai wanda ya ɓoye, ku ga ko za ku kwanta da wuri.

Masu iya rubutu

Ga waɗanda hankalinsu ke nan garau akwai wata hanya. Wani malamin jami'a a Los Angeles ta Amurka, James Birren, ya tsara ta tun a shekarun 1970. Mako goma a ke yi. Kowane mako a ba da kan magana guda, kowa ya koma ɗakinsa ya rubuta shafi biyu, ya zo ya karanta wa 'yan ƙungiyarsu, mutum biyar ko shida. Kan maganar farko shi ne mararrabar rayuwa, watau inda hanya ta rabu biyu ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya. Daga nan iyali, da kuɗi, da sana'a, da lafiyar jiki, har a kai ga abin da mutum ya gani na mutuwa. Shafi biyu kawai, don kada abin ya tsorata mutum. Ba a duba kyan rubutu, ba a ba da maki. Ba don gidan tsofaffi kaɗai aka tsara ta ba, amma ana yi a can. Wanda hannunsa ke rawa sai ya faɗa, wani ya rubuta masa.

Daga irin waɗannan zama a kan haɗa wa mutum littafin rayuwarsa. Hotuna ne da gajerun bayanai: inda aka haife shi, sunan da ya ke so a kira shi, aikin da ya yi, abin da ya ke tsoro, yadda ya ke son shayinsa. Littafin na nan kusa da gadonsa. Sabuwar ma'aikaciya ta zo ta karanta. In an kai shi asibiti a tafi da shi. A ce akwai tsohon da kullum ƙarfe huɗu na asuba ya ke tashi yana neman ƙofa, ana ta fama da shi ya koma ya kwanta. Aka duba littafi, ashe shekara 30 ya yi yana gashin burodi. Ba rigima ya ke yi ba, aiki za shi. Daga ranar sai a ba shi shayi, a zauna da shi kaɗan, a tambaye shi yadda a ke kwaɓa fulawa. A ganinmu wannan littafi ya fi kome amfani a cikin aikin duka, don yana magana a madadin mutum ranar da bakinsa ya kāsa.

Kada mu yi ƙari. Wannan hira ba ta warkad da gigin tsufa. A 2018 Farfesa Bob Woods na Jami'ar Bangor a Wales, shi da abokan aikinsa, sun tattara gwaje-gwaje 22 da aka yi a kan masu wannan ciwo. Sun ga akwai amfani, amma ɗan kaɗan ne: jin daɗin zama ya ɗan ƙaru, musamman ga na gidajen tsofaffi, magana da mutane ta ɗan sake. Ciwon kuwa yana nan yana tafiyarsa.

Abin da a ke kiyayewa

Ba kowane tuni ke da daɗi ba. Cikin yaran nan da aka sa a jirgin ƙasa, waɗansu sun faɗa hannun kirki, waɗansu sun sha wuya, waɗansu sun komo sun tarad da gidansu ya zama toka. Akwai wadda ɗanta ya mutu, ba ta taɓa maganar ba. Sabo da haka ba a tilasta wa kowa. Wanda ya ce ba ya so, a ƙyale shi. Wanda ya zo ya zauna yana saurare kawai, shi ma ya halarta. In hawaye ya zo ba a saurin sauya magana, ba a kuma ruɗewa. Ma'aikaciya ta biyu ta matso kusa, in ya so fita ta raka shi. Amfanin zama su biyu ke nan. Kafin a tashi kuma a kan komo da hirar zuwa yau, kada a bar mutum shi kaɗai a cikin 1940.

Ba a gyara wa tsoho labarinsa. In ya ce abu ya faru a 1950, kai ka san 1952 ne, riƙe saninka. In ya ba da labarin da ya bayar makon jiya, a sake ji. Abin da aka faɗa a ɗakin kuma a ɗakin zai tsaya. Ba a rubutawa ko a nuna wa wani, ko da 'ya'yansa ne, sai da yardarsa.

Mu fa?

Tsofaffinmu suna tsakar gida tare da mu, alhamdu lillahi. Amma mu faɗi gaskiya. Samari sun tafi birni, waɗanda suka rage kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Tsohuwa tana ɗakinta, a kai mata tuwo a gaishe ta a fito. Ana iya zama baƙo a cikin gidan da mutum ya gina.

An taɓa yin irin wannan aiki a ƙasarmu. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa, Baba, mutuniyar Karo kusa da Zarewa. Baba tana faɗa da Hausa, ita tana rubutawa. Ta ba da labarin harin bayi, da zuwan Turawa, da aure, da goyo, da ƙawance, da zaman kishiyoyi. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, har yanzu ana karanta shi a jami'o'in duniya. Baba ba ta iya boko ba, sai da baƙuwa ta zo daga nesa. Ku kuwa yanzu kun iya riƙe fensir.

Ga aikin aji na wannan mako. Ku kasu uku uku, maza wajen tsofaffi maza, mata wajen mata. Ku nemi tsofaffi uku ko huɗu waɗanda suka yi zamani tare, ku roƙe su zama bayan la'asar. Ku tafi da goro, da wani abu na da: mazari da abawa, ko akushi, ko ƙyastu, ko takardar haraji. Bayan gaisuwa a ajiye abin a gabansu, a ce, "Baba, ku gaya mana yadda a ke aiki da wannan," ko, "Iya, a wajen wa kuka koyi kaɗi?" Ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya rubuta, na ukun ya lura da wanda ba a ba shi fili ba. In hira ta kai ga dalar gyaɗa ta Kano, ko ranar da aka sauya hannun tuƙi a 1972, ko farin 1973, ku bi su can. In ta kai ga yaƙin basasa kuma wani ya yi shiru, ku ma ku yi shiru. Kada ku matsa wa tsohuwa ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari, kun san da kunya.

Layi goma sun isa. A sama ku rubuta ranar da kuka zauna. Kafin ku kawo wa malami, ku koma ku karanta wa masu labarin abin da kuka rubuta, da ƙarfi, a hankali. Inda suka ce ba haka ba ne, ku gyara. Inda suka ce a cire, ku cire.